Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Holan, farkon Rajab

Abla Ruƙayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya 'yarki Manar da jami'a, ya aikin otal da alhazai? Mu nan sai sanyi, sai godiya.

Na rubuto maimakon in buga waya domin maganar doguwa ce, ke kuma in na fara magana ba kya bari in kai ƙarshe. Jirginmu ya kammalu, Abla. Kin san duk jiragen da ke ɗauko masu umra daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda baƙin mai suke sha, tun daga nesa ake hango hayaƙinsu. Namu yana da injin dizal kamar kowa, amma yana da batura ɗaki guda, da manyan tankuna na wata iska da ake kira haidirojin. Iskar tana shiga wasu akwatuna ta haɗu da wadda muke shaƙa, sai su ba da wutar lantarki, wutar ta juya farfela. Abin da ke fita ta baya ruwa ne kawai, tsabtatacce. Wannan sashen ni aka damƙa wa. Ranar da muka gwada shi na tsaya a ɗakin inji jirgi yana tafiya, ina jin numfashin kaina, wallahi sai da na yi hawaye.

Tsakiyar Sha'aban za mu kawo shi mina ta Jidda, wato tashar jiragen ruwa, a yi masa haflar suna, bikin raɗa masa suna ke nan. Al'adar masu ƙera jirage a nan, mace ce take fasa kwalbar giya a goshin jirgi ta ambaci sunansa. Da maganar ta taso a taron sharika, wato kamfaninmu, sai aka tuna giya ba ta shiga Jidda. Ni na ɗaga hannu na ce a fasa kwalbar Zamzam. Na kuma ce ina da matar da ta dace, mahaifiyata Ummulkhairi, wadda ta ƙetare wannan tekun tana yarinya a cikin sambuk, jirgin katako da iska kaɗai ke turawa, babu inji babu hayaƙi. Daga jirgin uwa zuwa jirgin ɗa ke nan. Mudir, shugabanmu, ya miƙe ya riƙe hannuna a gaban kowa.

Abu biyu nake roƙo. Ki nema min kwalba mai kyau wadda ba za ta yi wuyar fashewa ba. Sannan ki shirya Inna a hankali, domin wata ma'aikaciyarmu ta ɓangaren talla, Nora, za ta zo gida ta ɗauki labarinta a bidiyo don a nuna ranar hafla.

Ki gaida kowa da kowa, ki sa ni a addu'a in kin shiga Harami.

Ƙaninki,
Muhandis Lurwanu

Kudai, Makka, Rajab

Lurwanu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, alhamdu lillah. Inna ƙafa sai a hankali, Manar na gaishe ka. Na ga har da "muhandis" ka sa min a ƙasan takarda, wai kai injiniya, kamar ba ni na goye ka ba.

A motar ma'aikata na karanta saƙonka ina dawowa daga otal, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi. Zancen akwatuna da iska ban gane rabinsa ba, amma na yi murna, Allah ya ƙara basira. Rabin da na gane shi ya tayar min da zuciya. Kai ɗan unguwar Jarwal ta Makka, wanda aka ɗiga wa Zamzam a baki ranar da ya zo duniya, kai ne ka ɗaga hannu gaban Turawa ka ce a buga shi da ƙarfe ya tsiyaya cikin ruwan mina, inda baƙin mai da ledoji da matattun kifi ke yawo? A gidan nan ragowar da ta saura a kofi ma a gindin shuka ake juyewa don kada ta bi makwarara. Ina ganin mata 'yan Zinder da Katsina suna naɗe jarka ɗaya cikin zanensu kamar jariri, su raba wa gari guda da murfin kwalba. Kai kuma ka samo dabarar fasawa, har ana riƙe maka hannu. Giyarsu ai can ta dace, da ka bar musu kayansu.

Zancen Inna ya fi min ciwo. Ka tsaya ka yi tunani, ka taɓa ganin Inna a bakin teku? Duk Idin da Baba ke kwasarmu zuwa Jidda, ta taɓa sauka daga mota? Cewa take kanta na ciwo, ta rufe fuska da mayafi har mu gama wasa mu dawo. Kifi ma ba ta sa shi a baki. Kai auta ne, labarin farin wata da taurari aka ba ka don ka yi barci, shi ka ɗauka ka kai wa mudir. Ni an ba ni wani labarin ina jegon Manar, kuma ba nawa ba ne balle in ba ka.

Su 'yan talla kuma na san su. A otal ɗinmu in za a ɗauki hoton hidimar baƙin Allah, ranar ake tunawa da mu baƙaƙe. A fito da mu daga ɗakin wanki da kicin, a ce mu yi murmushi, a gama a mayar da mu inda aka ɗauko. Ni na saba, aikina ne. Inna ba ma'aikaciyar kowa ba ce.

Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kwalba ma ba zan nema ba. Ku sami wata tsohuwar, Jidda cike take da su.

Allah ya dawo da kai lafiya, ya dawo maka da hankalinka tare.

Yayarka,
Ruƙayya

Holan, Rajab

Abla,

Salam da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya.

Maganar Zamzam kin yi gaskiya. Na karanta na ji kunya ta rufe ni, kuma zan koma in yi musu magana a canza. Amma maganar Inna kin makara, domin kafin amsarki ta iso na riga na buga mata. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta tambaya ko ni nake so. Na ce e. Ta ce to shi ke nan.

Ke kina cewa za a fito da ita a mayar. Ni kin san shekarun da na yi a ƙarƙashin jirage? In an kawo baƙi ɗakin inji, Bature ƙaramin ma'aikacina suke miƙa wa hannu, ni su miƙo min kofin da suka gama shan shayi. A Jidda ma haka ne, sai na buɗe baki na yi Larabcin Makka ake yarda cewa ɗan ƙasa ne. Sau ɗaya tak nake so mutanen nan su ɗaga kai su ga Inna a sama, a kira sunanta a lasifika, a ce ɗanta ne ya haɗa injin nan. Ta sayar da goro da ƙosai a bakin titin Jarwal har na gama makaranta. Ban ga laifi ba in an tafa mata rana ɗaya.

Ban san labarin da kike ɓoyewa ba. In mai nauyi ne, ai shekaru sun ja, kuma ita da kanta ta amince. Don Allah in Nora ta zo ki karɓe ta da fuska, na san halinki.

Jibi za mu taso insha Allah. Waya ba za ta riƙa shiga ba a kan teku, amma saƙo yana isowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki ko kina faɗa,
Lurwanu

Kudai, Makka, farkon Sha'aban

Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan teku ya kwanta muku, Allah ya kawo ku lafiya. Ka gyara zama, domin ka ce ba ka san labari ba, yau za ka sani.

Tun ranar da ka bi ta bayana ka buga mata, gidan nan ya zama gidan biki. Ta sa an ɗinka mata sabuwar riga, ta aiki Manar neman mai lalle. Matan bene kaf sun ji, har da mai sayar da burodi na ƙasa. Ta ce kwalba kam ba za ta fasa ba ko sarkin duniya ne ya ce. Jarka za ta cika a Harami, ta tafi da kofinta, ta ba ma'aikatan jirgi su sha ta yi musu addu'a. Na ce ko a nan an rage ɓarna.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ta ce a kai ta Jidda. Na tambayi dalili, ta ce tana so ta ga tekun tun yanzu, kada ta ba Lurwanu kunya a gaban mutane. Muka je. Ta sauka daga mota tana riƙe da hannun Manar, ta taka har bakin ƙarfen da aka kange ruwan da shi. Iska na kaɗawa amma ita zufa ce ke zuba daga goshinta. Ta tsaya tana kallo, bakinta na motsi, sai ta sunkuya ta amayar da duk abin da ta ci a gaban masu yawon shan iska. Da na ce mu koma mota ta ƙi, ta kurkure baki ta sake miƙewa ta ci gaba da kallo. A hanyar dawowa ta ce ta gode Allah, yanzu ta san za ta iya. Ni kuwa da kana kusa a ranar da na shaƙe ka.

Shekaranjiya Norarka ta zo da mai kyamara. Na karɓe ta da fuska kamar yadda ka ce, har da gahawa da dabino. Yarinya ce mai fara'a, irin fara'ar da ake koyowa a wurin aiki. Ta sumbaci kan Inna, tana ta ya khala ya khala, wai ta samu gwaggo, sannan ta fara juya mana ɗaki. A ɗauke talabijin, a rufe na'urar sanyi da labule, a cire hoton kammala karatunka daga bango. Ta dubi sabuwar rigar Inna ta tambaya ko babu wata tsohuwa wadda ta ɗan koɗe. Ta sa ta zauna a ƙasa ta riƙe carbi, ita da likita ya hana zaman ƙasa. Aka kunna fitila, ta ce khala ta ba mu labarin daɗin tafiya da iska, yadda kakanni suke zuwa ɗakin Allah ba tare da sun ɓata duniya ba.

Inna ta fara da Larabci. Ta faɗi yadda suka taso daga Sawakin a ɓoye, mutane cunkushe kamar buhunan gero, ita tana goye da ƙaninta domin uwarsu ba ta da lafiya. Ka taɓa jin muna da kawu mai suna Ja'afaru? Da ta iso kansa Larabcin ya ƙare mata, ta koma Hausa, ni na zama mai fassara. Iska ce ta ɗauke a tsakiyar teku, jirgi ya tsaya cik rana tana dukansu. Ruwan sha ya ƙare sai 'yar ganga ɗaya, mai jirgin ya zauna a kanta da sanda. Nonon uwarsu ya kafe. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta tafi, ita tana jijjiga shi tana murna ya yi barci.

Ta ce: "Wata mata ce ta ce in kwance goyon. Na ce a bar shi, yanzu ya samu ya kwanta. Da ƙarfi suka kwance shi. Zanen goyon nawa aka naɗe shi da shi aka sa a ruwa, ni aka bar ni da ɗan kamfai."

 Mai kyamarar, wani ɗan Masar, ya juya baya yana share ido. Nora ta ce subhanallah, ta ce labarin ya taɓa ta ƙwarai, sannan ta duba wayarta ta tambaya ko khala za ta iya maimaita farkon da ɗan murmushi, ta ce jirginsu ba ya hayaƙi kamar na ɗanta. Lurwanu, tiren gahawa na hannuna, Allah kaɗai ya riƙe ni.

Inna ta kalle ta, ta amsa da Larabci don kada a ce ba a ji ba: "Ma fi dukhan, babu hayaƙi kam, 'yata. Mu a ranar nan, da mun hango hayaƙi da mun faɗi mun yi sujada, don mun san jirgi mai inji ne zai cece mu."

Da suna naɗe wayoyinsu sai Inna ta yi tambaya. Ta ce an gaya mata jirgin ɗanta yana yin ruwa da kansa a tsakiyar teku, ana ba mutane su sha? Nora ta yi dariya ta ce wannan sai muhandis. Tun da suka tafi maganar ke nan a bakinta, ta gaya wa matan bene cewa duk wanda ya shiga jirgin Lurwanu ba zai mutu da ƙishirwa ba. Yanzu na gane abin da ya sa ta amince, kuma ba don tafi ba ne. Ka amsa mata tambayarta, kai ne muhandis.

Sun tafi sun bar mana ɗaki a hargitse, ni da Manar muka mayar da komai.

Wassalam,
Ruƙayya

Bahar Maliya, Sha'aban

Abla Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Mun wuce Suwais lafiya. Saƙonki ya daɗe da isowa, amsar ce ta gagare ni. Allah ya jiƙan Ja'afaru. Wallahi ban sani ba, kuma duk lokacin da na fito sama na dubi ruwan nan sai in koma ciki.

Tambayar Inna zan fara amsawa. Ruwan ba a sha. Ta wani bututu yake fita ya zube a teku. Ana iya tace shi a kai famfo, na ma zana yadda za a yi tun farko, aka soke aka ce ba shi ne muhimmi ba.

Yanzu ma ba ya fita ko kaɗan, domin tankunan haidirojin wayam suke. Abin da aka zuba mana a Holan ya ƙare tun a farkon hanya, kuma babu inda za mu sake sha. Wurin shan haidirojin da aka ce an gina a Jidda har yanzu fili ne da allo. Dizal muke ƙonawa tun daga can, hayaƙi har ya baƙanta tutar da aka ɗaura don hafla, an sauke ta ana wankewa. Injina gaskiya ne, Abla, yana aiki, na gani da idona. Amma an ce ranar suna mu kashe dizal a bayan mina inda ba a hango mu, mu shigo da batura waɗanda dizal ɗin ya caja, allo yana nuna wa baƙi cewa haidirojin ke tafiya da mu. An kuma umarce ni in ja tiyo daga tankin ruwan wanka zuwa wancan bututun, domin manyan baƙi su tara kofi su ga jirgi yana ba da ruwa. Na ce wa mudir wannan ƙarya ce. Ya dafa kafaɗata ya ce hoton abin da zai faru ne nan gaba, kuma akwai muhandisai da yawa da ke son kujerata. Tiyon yana ɗakina, ban haɗa ba, ban kuma jefar ba.

Saura wadda ta fi wuya. Sun cire Inna. Sun kalli bidiyon suka ce yana da nauyi, ba zai dace da ranar farin ciki ba. Matar mudir ce za ta yi sunan, da kwalbar ruwan wardi. Na roƙa a ba Inna ko kujerar baya, aka ce katin shiga mina ya ƙare. Amma ba su zubar da bidiyon duka ba. Nora ta turo min abin da za a haska a babban allo. Fuskar Inna ce da carbi, kiɗa mai taushi na tashi, ta ce "Ma fi dukhan," sai a yanke, jirginmu ya bayyana fari fat a kan ruwa. Na kalla sau ɗaya, ban iya cin abinci ba ranar.

Tun kafin mu shiga Suwais na sani. Na ɗauki waya na ajiye ban san adadi ba. Don girman Allah, Abla, ki ce mata an ɗage haflar zuwa bayan Hajji. In na zo zan san yadda zan yi. Ke kin iya magana da ita, ni in ta yi shirun nan nata ba zan iya ba.

Ki yafe min.

Ƙaninki,
Lurwanu

Kudai, safiyar hafla

Lurwanu,

Wa alaikumus salam. An ce jirginku ya iso, barka da zuwa.

Ƙarya ba zan yi mata ba. Gaskiyar kuma ba ni na jawo ta ba, ba ni zan faɗa ba. Tiyonka da mudirinka wannan tsakaninka da Allah ne.

Tun da ta idar da sallar asuba ta yi wanka ta sa sabuwar rigar, lallen ya kama sosai. Tana zaune a kujerar bakin ƙofa, jarkar na gefen ƙafarta, kofin na cikin jaka. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ta ce Manar ta leƙa ta ga ko ta sharika ce. Na kawo mata kunu ta ture, ta ce ba za ta sa komai a ciki ba kada tekun ya sake tayar mata da zuciya a gaban mutanenka.

Daga Jidda zuwa Kudai ba nisa, hanyar ka san ta. Ka zo ka durƙusa ka gaya mata da bakinka. Ba za ta tashi daga wurin ba sai ta gan ka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Ruƙayya